A Sayi Amfanin Gona, a Bar wa Manomi Gonarsa

Ina gaida mutanen Ngeli da Waliya da Tukra, a nan Njamena. Ina gaida 'yan'uwanmu na ƙetaren kogi, mutanen Kusuri ta Kamaru. Masu lambu na bakin Logon da Shari, sannunku da ban ruwa. Iyayenmu mata da ke jin mu kuna tsakar aikin gida, sannunku da ƙoƙari.

Yau maganar gona za mu yi. Wa zai riƙe ta, wa zai noma ta, wa kuma zai ci moriyarta. Batun yana da rassa da yawa, amma abin da nake so ku riƙe ɗaya ne. Mai kuɗi ya zo, muna maraba da shi. Ya sayi amfanin gona, ya bar wa manomi gonarsa. Zan yi ta dawowa kan wannan magana har mu kammala.

Mu fara daga ƙofar gida. Kowa a Ngeli ya san abin da ke hawa gadarmu. Manyan motoci ne ke tasowa da kaya tun daga tashar jiragen ruwa ta Duwala. Su yi kwana da kwanaki a hanya, su zo su yi layi a gaban duwan, wato kwastan. Me suka ɗauko? Shinkafar Asiya, da fulawa, da man girki, da taliya. Me ke fita? Shanu, da riɗi, da ƙaro. Wato ɗanyen kaya muke fitarwa, abin ɗorawa a tukunya muke shigowa da shi. Alhali ga Logon, ga Shari, a nan gabanmu suke haɗuwa. Ga kuma ƙasar shinkafa a Bongor da Lai da Kelo.

Wannan shi ne abin da masu zuba jari ke hange. Shi ne kuma abin da jami'ai ke nuna masu a wuraren taro. Akan ce Chadi tana da hekta miliyan 39 da za a iya nomawa, kuma kaɗan ne daga ciki ake taɓawa. Sai a ce, to ga ƙasa nan kwance, babu mai amfani da ita. A kawo kuɗi, a kawo taraktoci, a buɗe gonaki na dubban hekta. Matasa su sami aiki, abinci ya yi araha.

Ni ba na raina wannan buri. Manominmu yana buƙatar jari. Yana buƙatar injin ban ruwa, da iri mai kyau, da takin zamani, da hanyar fitar da kaya. Fartanya ita kaɗai ba za ta ciyar da Njamena ba, birnin da mutanensa suka daɗe da haura miliyan ɗaya. Wannan gaskiya ce, kuma dole a faɗe ta.

To amma, masu sauraro, ku tsaya mu duba maganar nan ta cewa ƙasa tana kwance. Wanda ya leƙo ta jirgin sama zai ga daji. Wanda ya taka ta da ƙafa zai ga abin da ke cikin dajin. Nan saura ce, an bar ta ta huta, baɗi ko baɗin baɗaɗa za a dawo mata. Can burtali ne, ta nan shanu ke sauka kudu da rani, su koma arewa da damina. Wancan fili da ruwa ya shanye, da zarar ruwan ya janye za a dasa masa masakwa, dawar rani da ake kira berbere a nan ƙasar. Wancan tafkin kuma na masunta ne. A gefensa mata ke yin itace, suna tsinkar ganyen miya. Fili ɗaya, amma manomi da makiyayi da masunci duk suna ci a cikinsa, kowa da lokacinsa. Idan aka zagaye shi da waya, ba mutum ɗaya aka kora ba. Al'umma aka kora, ko da babu bukka ko ɗaya a wurin.

Yanzu mu leƙa waje kaɗan, mu ga yadda ta kaya a wasu ƙasashe. A shekarar 2008 farashin abinci ya yi tashin da duniya ta daɗe ba ta ga irinsa ba. Ƙasashe masu kuɗi amma marasa gonaki suka tsorata. Sai su da kamfanoninsu suka bazama neman ƙasar noma, galibi a Afirka. A Madagaskar, kamfanin Daewoo na Koriya ta Kudu ya nemi hayar hekta miliyan 1.3 na tsawon shekara 99. Mutanen ƙasar ba su san da zancen ba sai da ya fito a jaridun waje. Fushin jama'a kan wannan ciniki yana cikin abubuwan da suka kayar da gwamnatin Marc Ravalomanana a 2009, kuma wanda ya gaje shi ya soke yarjejeniyar. A Mali, an ba wani kamfanin Libiya mai suna Malibya hekta 100,000 a yankin noman rani na kogin Kwara. Aka haƙa babban magudanar ruwa ya ratsa gonaki da gidajen mutane. Da gwamnatin Gaddafi ta faɗi a 2011, aikin ya tsaya. Shinkafar da aka yi alkawari ba ta zo ba. Waɗanda aka tayar kuwa, an riga an tayar da su.

Ku lura da wannan, domin shi ne zuciyar maganar. Idan babban aiki ya rushe, mai jari yakan tattara nasa ya koma gida, ya rubuta asara a littafinsa. Manomi ba shi da inda zai koma. Gonar ita ce gidan, ita ce jarin, ita ce gadon 'ya'ya.

Ba sai mun tafi Madagaskar ba ma. Mu dawo kusa. Ku bi Logon ku yi kudu, ta ɓangaren Kamaru, za ku iske Maga. A 1979 aka gina madatsar ruwa a can, don kamfanin shinkafa na gwamnati mai suna SEMRY ya faɗaɗa noman rani. An noma shinkafa, babu musu, kuma har gobe ana nomawa. Amma madatsar da ganuwar da aka yi a bakin kogi sun tare ruwan da ke malala cikin fadamar Waza da Logon duk shekara. Ga kuma fari ya zo ya ƙara. Ciyawa ta mutu a wuri mai faɗin gaske. Kifi ya ragu. Makiyaya da masunta da yawa suka tashi. Sai a 1994 aka buɗe wata hanyar ruwa don a maido da malalar a wani ɓangare na fadamar. Ba a ƙwace gonar kowa a can ƙasa ba. Ruwa kawai aka tare daga sama. Amma wanda ya riƙe ruwa, ai ya riƙe gona.

Mu kuma nan Ngeli mun ga abin da ƙuncin ruwa da fili ke haifarwa. A watan Disamba na 2021 rikici ya tashi a yankin Logon Birni tsakanin makiyaya da masunta da manoma, a kan ruwa. Ya kai har Kusuri. Dubun-dubatar mutane suka ƙetaro Chadi, galibinsu mata da yara. Ba kamfani ne ya haddasa wannan ba. Na kawo shi ne don mu gane cewa wurin da ake cewa babu kowa, tuni mutanensa ke gogayya a kansa. Duk wanda zai yanki dubban hekta a irin wannan wuri, ya san inda zai sa ƙafa.

'Yan'uwanmu na Najeriya ma suna da nasu tabon. A Bakolori, kusa da Talatar Mafara, an gina madatsa a kan kogin Sakkwato. Aka karɓi gonakin mutane, diyya ta yi ta jan ƙafa. Manoma suka tare hanyoyin aikin. A watan Afrilu na 1980 aka tura 'yan sanda, aka rasa rayuka masu yawa. Har yau ba a manta ba a ƙasar Zamfara.

To, ga wata gaɓa da ba a cika son taɓawa ba, amma zan taɓa ta. Mai karɓar gonar da ya fi kusa da mu ba daga wata nahiya ya zo ba. Namu ne. Babban ɗan kasuwa ne, ko babban jami'i, ko mai ƙarfin faɗa a ji. Ku bi hanyar Kundul zuwa Mandeliya, ku duba dama da hagu. Za ku ga filaye an kafa masu turakun siminti, wasu an ja masu katanga. A cikin wasu akwai lambu na gaske, ana aiki, ana ɗaukar ma'aikata. Waɗannan madalla da su. A cikin wasu kuwa 'yan itatuwan mangwaro ne da mai gadi. Mai wurin ba noma ya zo yi ba. Jira yake gari ya iso, ya yanka filaye ya sayar.

Shi kuma wanda ya sayar fa? An ba shi kuɗin da bai taɓa riƙe irinsu ba. Ya biya bashi, ya yi wa ɗa aure, ya sayi babur. Shekara ɗaya, shekara biyu, kuɗi sun ƙare. Sai ka gan shi yana ƙodago a gonar da ubansa ya bar masa. Ba na zarginsa. Sau da yawa rashin lafiya ce, ko yunwa, ko tsoron kada a ƙwace ba ko sisi, ya sa ya ce gara ya karɓi abin da ya samu. Waɗanda suka fi shan wahala kuwa su ne waɗanda ba a ma shawarce su ba. Matar da mijinta ya rasu tana noma ɗan gefen gonar dangi. Baƙon da aka ba aron fili shekara ashirin. Ƙannen da ke da gado a wurin amma ba su nan ranar ciniki.

Me ya sa abin yake da sauƙi haka? Amsar tana cikin doka. Dokokin ƙasa da Chadi ke aiki da su an kafa su ne tun ranar 22 ga Yuli, 1967. A ƙarƙashinsu, takardar mallaka ita ce hujja mafi ƙarfi. Filin da ba a yi wa rajista ba, ana ɗaukarsa na gwamnati ne, sai in an kawo hujjar da ta nuna akasin haka. Dokar ta san da haƙƙin gargajiya, amma ƙarfinsa bai kai na takarda ba. To manomi nawa ne a karkara ke da takardar mallaka? Neman ta yana cin kuɗi, yana cin lokaci, yana buƙatar zirga-zirga a ofisoshi. Mai hali zai iya. Talaka, shaidarsa ita ce bulama, wato mai gari, da maƙwabta, da kabarin kakansa. An daɗe ana maganar sabunta waɗannan dokoki. Ya kamata a yi, kuma a yi da bakin manoma da makiyaya a ciki.

Shi ya sa nake cewa a sayi amfanin gona, a bar wa manomi gonarsa.

Yanzu mu juya ga ɗaya hanyar, wadda ake kira noman kwangila. A nan kamfani ba ya karɓar gona. Yana ba manomi iri da taki da maganin ƙwari bashi. Manomi ya noma a gonarsa, da hannunsa. Da kaka kamfani ya saya, ya cire bashinsa, ya biya sauran. A ganina wannan ta fi waccan nesa ba kusa ba, domin ko me ya faru, gona tana hannun mai ita. Amma kada mu yi saurin tafi. Mu a Chadi mun fi kowa sanin daɗinta da ɗacinta, saboda auduga.

Ku ba ni dama in ɗan daɗe a kan auduga. Turawan Faransa ne suka ɗora wa mutanen kudu nomanta tilas, tun wajen 1928, lokacin kamfanin Cotonfran. Akan auna wa mutum fili da igiya, a ce wannan na auduga ne, ko yana so ko ba ya so. Da kuɗinta ake biyan haraji. Bayan samun 'yanci, a 1971, aka kafa Cotontchad, mai cibiya a Mundu. A hankali tilas ta kau, amma tsarin mai saye ɗaya ya zauna. Ga yadda yake tafiya. Ana sanar da farashi. Ana kai iri da taki ta hannun ƙungiyar manoman ƙauye. Da kaka a kafa kasuwar auduga, a auna, a tantance mai daraja ta ɗaya da ta biyu. Sannan a cire bashin ƙungiya gaba ɗaya kafin a raba kuɗi.

Ku ji wannan da kyau. Bashin ƙungiya ake cirewa, ba na mutum ɗaya ba. Idan maƙwabcinka ya karɓi taki ya sayar, ko gonarsa ta ƙi, daga kuɗinka za a cike gurbin. Wannan tsari yana kare kamfani. Yana kuma sa 'yan ƙungiya su sa wa juna ido. Amma yakan sa mai ƙwazo ya biya bashin da bai ci ba, kuma ya raba zumunci a ƙauyuka da dama.

Sai aka zo wasu shekaru da kamfanin ya shiga matsalar kuɗi. Manomi ya kai auduga, ya yi wata da watanni ba a biya shi ba. Taki ya zo a makare. Me manoma suka yi? Suka bar auduga, suka koma gyaɗa da riɗi da masara. A kakar 2017 zuwa 2018, audugar da aka samu a ƙasar duka ba ta kai tan 20,000 ba. A 2018 gwamnati ta sayar wa kamfanin Olam na Singafo kashi 60 cikin 100 na Cotontchad. Kuɗi suka shigo, kayan noma suka isa ƙauyuka, manoma suka ga ana biya. Cikin 'yan shekaru kaɗan audugar ta haura tan 100,000.

Jama'a, a nan akwai darasi biyu, kuma duka biyun suna goyon bayan maganata. Na farko, manoman nan su ne dai na jiya. Gonakin su ne dai na jiya. Ba a kori kowa ba, ba a zagaye daji da waya ba. Abin da ya sauya shi ne kayan aiki sun zo, kuɗi sun fito. Ashe ƙaramin manomi ba shi ne matsalar ba. Na biyu, lokacin da aka daina biyansu, sun iya juyawa su shuka wani abu. Me ya ba su wannan dama? Gonar tasu ce. Da ma'aikata ne a gonar kamfani, da ranar da kamfani ya durƙushe su ma sun durƙushe.

Duk da haka, inda mai saye ɗaya ne, manomi yana tsaye ne a gaban wanda ya fi shi ƙarfi. Shi ke da sikeli. Shi ke cewa wannan daraja ta ɗaya ce, wannan ta biyu. Shi ke sa kuɗin taki. Auduga kuma ba a cin ta, ba ka da wurin kai ta sai wurinsa. Saboda haka noman kwangila yana iya zama alheri, yana kuma iya zama bashin da ba a fita. Bambancin yana cikin abin da aka rubuta, da kuma ƙarfin ƙungiyar da ta zauna aka rubuta da ita.

Adalci kuma ya sa in juyo kanmu, mu manoma. Ba kullum laifin na kamfani ba ne. A Kadawa ta jihar Kano, kamfanin Dangote ya buɗe masana'antar sarrafa tumatir a 2016, da niyyar saye a hannun manoman yankin. Ba a daɗe ba ta tsaya. Tsutsar tumatir ta cinye gonaki a wannan shekara, sannan aka yi ta samun saɓani a kan farashi. Abin da ke faruwa a irin wannan ciniki sananne ne. Idan kasuwa ta yi tsada, manomi ya kai kayansa kasuwa, injin kamfani ya zauna babu aiki. Idan kasuwa ta faɗi, kowa ya kwaso ya nufi ƙofar kamfani. Haka ma shirin bashin noman shinkafa da Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a Kebbi a 2015. An noma shinkafa sosai, amma bashi mai yawa bai dawo ba, domin wasu sun ɗauke shi kyautar gwamnati. Iyayena manoma, alkawari kaya ne. Idan muka karɓi taki muka sayar, ko muka kai amfanin wani wuri da dare, mun toshe ƙofar ga na bayanmu. Mun kuma ba masu cewa a karɓe gonaki a ba kamfani hujja.

To yaya kwangilar adalci take? Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da yin bayanin cinikin da ake biya kafin kaya su samu, wanda ake kira salam. Sharaɗinsa shi ne a san mudu, a san nauyi, a san irin kayan, a san ranar bayarwa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani ma a kan rubuta bashi take, da kafa shaidu. 'Yan'uwanmu Kirista su ma sun san matsayin ma'aunin gaskiya a addininsu. Babu wanda zai ce mana neman a rubuta, a bayyana, rashin yarda ne. Umarni ne muke bi.

Don haka idan an zo maku da takarda, ku yi tambaya. Nawa za a saya, kuma yaushe za a faɗi farashin, kafin shuka ko bayan girbi? Idan kasuwa ta tashi, za a ƙara mana? Sikelin wa za a yi awo da shi, kuma wa zai tsaya mana a wurin awo? Bayan an ɗauki kaya, kwana nawa kafin kuɗi? Nawa aka sa mana buhun taki, nawa yake a kasuwa? Kada ku ji nauyin tambaya. Mai niyyar kirki ba ya gudun ta.

Akwai tambaya guda da ta fi waɗannan duka nauyi a wurinmu, mu mutanen bakin kogi. Idan ruwa ya ci gonar fa? Ba mu manta watan Oktoba na 2022 ba, lokacin da Shari da Logon suka cika suka shiga Waliya da Ngeli da Tukra. Mutane suka kwana a kan tudu, lambuna suka nutse. A 2024 ma ruwa ya sake yi wa ƙasar ɓarna mai yawa. To a irin wannan shekara, bashin iri da taki yana kan wa? Idan takarda ta yi shiru, ku sani yana kanku. Dole a rubuta cewa idan ambaliya ko fari ya zo, za a raba asarar, ko a ɗaga biya zuwa wata kaka. Mai jari da ke son rabon riba, ya yarda da rabon asara.

Sannan ku kula da wannan fiye da komai. Kada ku yarda a sa gona jingina a kan bashin taki. Idan aka yi haka, kwangilar ta zama wata hanyar karɓar gona, sai dai a hankali. Kaka ɗaya ta ƙi, ta biyu ta ƙi, sai a zo da takarda. Kuma kada ku ba amfanin kwangila gonarku duka. Ku bar wani ɓangare na dawa da gero da wake, abin da gida zai ci. Mai hatsi a rumbu shi ke iya cewa bai yarda da farashi ba.

Ina da kira ga hukuma. A 2012, a birnin Rum, ƙasashen duniya sun amince da wasu ƙa'idoji a ƙarƙashin hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO. Ƙa'idojin sun ce a mutunta haƙƙin mutane a kan ƙasa ko da ba a rubuce yake ba, kuma a shawarce su kafin a taɓa ta. Ba tilas ba ne a kan kowace gwamnati, amma hanya ce mai kyau. Muna roƙo a sauƙaƙa wa talaka samun takardar gonarsa, a kusa da shi, a kuɗin da zai iya. Duk yarjejeniyar da za a yi da mai jari a kan fili mai yawa, a bayyana ta, jama'a su san hekta nawa, shekara nawa, ruwa nawa. Wanda aka ba fili ya ƙi nomawa, a karɓe a maida wa mutanen wurin. Mai jari kuma a nuna masa inda aka fi buƙatarsa. Ya kafa injin casar shinkafa. Ya kafa wurin gyaran riɗi da matsar mai. Ya gina rumbun ajiyar albasa da tumatir. A nan ne riba take, kuma a nan ne manomi ba zai iya shi kaɗai ba.

Iyayenmu sarakuna da bulamomi, ranku ya daɗe. Ƙasar nan amana ce a hannunku. Sa hannunku ɗaya yana iya raba zuriya da gonarta har abada. Idan baƙo ya zo neman fili, ku tara gari. A kira makiyaya, a kira masunta, a kira mata. A yi maganar da rana, a gaban kowa. In ma za a bayar, a bayar haya ta 'yan shekaru, da sharaɗi a rubuce, ba sayarwa ba.

Ku kuma matasa da kuka yi karatu, ga aikinku. Takardun nan da Faransanci ko Larabci ake rubuta su. Iyayenku da yawa ba sa karanta su. Ku zauna ku karanta masu layi bayan layi, ku fassara masu da harshen da suke ji. Inda ba ku gane ba, ku nemi wanda ya san doka.

Masu sauraro, maganar dai ita ce wadda muka faro da ita. Muna son jari, muna son kasuwa, muna son injuna. A sayi amfanin gona, a bar wa manomi gonarsa. Idan an kawo maku takarda gobe, kada ku dangwala yatsa a ranar. Ku ce a ba ku kwafi ku je gida da shi. Ku shawarci iyali, har da matan gida da masu gado. Ku je a ƙungiya, kada ku je ɗai-ɗai. Wanda bai da ƙungiya a unguwarsa ko ƙauyensa, ya nemi maƙwabtansa na lambu tun wannan mako su fara zama.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye mu daga ambaliya, ya sa wa gonakinmu albarka.